Kwatano, Garin da Ruwa Ke Mulki

  Yau shirin namu gangarawa zai yi kudu, har inda ƙasa ta ƙare, wato Kwatano ta Jamhuriyar Benin.

Babu wanda bai san sunan garin nan ba a cikinmu. Shinkafar da muke ci, gwanjon da muke sawa, motar da ake cewa 'yar Kwatano, atamfar lefe, duk sunansa na manne da su. Amma sanin kayan gari daban, sanin zaman gari daban. Saƙonnin da kuke turo mana sun nuna matasa da yawa na shirin zuwa karo na farko, wani da raguna, wani da albasa, wani rakiyar maigidansa kawai. To abin da nake so ku riƙe shi ne wannan: mu mutanen tudu mun tashi muna neman ruwa, muna bin sa, muna roƙon sa. A Kwatano ruwa ne ke bin mutum. Yana ƙarƙashin ƙafarka, yana cikin iskar da kake shaƙa, yana gabanka, yana bayanka. Duk wata dabara da ka koya a gida game da ajiyar kaya, da kiwon dabba, da iyo, sai ka sake auna ta idan ka isa can.

Daga Malanbil zuwa Kwatano kilomita ɗari bakwai ne da 'yan kai, ta Kandi, Paraku, Sabe, Dasa, Bohikon da Alada. Batun gadar Gaya da Malanbil kuwa, da yadda abubuwa suka koma tun rufe ta a 2023, kun fi ni sani, tunda ku ke hawa kwalekwalen. Abin da zan ce kawai, kafin mutum ya ɗaura kaya ya tambayi waɗanda suka dawo a wannan makon, kada ya dogara da labarin wanda ya dawo bara. Kuma arewacin Benin, musamman kewayen gandun dajin W, ba wurin tafiyar dare ba ne a 'yan shekarun nan.

A hanya za ka ga ƙasa na sauya kama. Gero na ragewa, doya da rogo na ƙaruwa. Ka wuce duwatsun Dasa, ka soma ganin kwakwar manja. A Alada abarba ce jibge a bakin titi, irin doguwar nan mai farin ciki, mai zaƙi. Daga nan za ka ji rigarka ta soma manne maka a jiki, alhali rana ba ta kai zafin ta Gaya ba. Wannan shi ne gaisuwar farko da teku ke yi wa baƙo.

Zafin Kwatano da wuya ya kai irin namu na watan Afrilu, amma iskar cike take da laima, gumi ba ya bushewa. Damina biyu suke yi a shekara: babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Ruwan da ke zuba a shekara ya kai milimita 1,300, mu kuwa nan wajen Gaya idan aka samu 800 sai a ce an gode Allah. Hunturu na leƙa su a Disamba da Janairu, amma kafin ya isa can ya gaji. Garin kansa a kan yashi aka gina shi, tsakanin teku da tafkin Nokuwe, kuma wasu unguwannin da ƙyar suka ɗara teku tsayi. Idan aka yi ruwan watan Yuni, akwai layukan da sai ka tattare wando har gwiwa. A 2010 ambaliya ta ci mafi yawan ƙasar, har yau mutanen garin na ba da labarinta.

Me wannan ke nufi ga ɗan kasuwa? Alhaji, abin da ka saba barinsa wata uku a rumbu ba abin da ya same shi, can sati ɗaya ya ishe shi. Albasa da aka jibge a ƙasan siminti ba katako a ƙarƙashi, daga ƙasa take soma ruɓewa, kai kana kallon ta sama kana murna. Kilishi yana yin laushi ya yi fumfuna. Wake da busasshen tattasai suna jan danshi. Fata da takalman fata su yi fari-fari kamar an barbaɗa musu gari. Ƙarfe kuwa, iskar gishiri na cin sa, shi ya sa masu sayen mota da suka san aikinsu ba sa tsayawa kallon fenti, sai sun durƙusa sun leƙa ƙarƙashinta don ganin tsatsa. Saboda haka lissafin da ya fi amfani shi ne na kwanaki: kwana nawa kayana za su iya jira? Dillalan can sun san wannan lissafin sarai. Sun san idan suka ja maka rai kwana huɗu, laima za ta yi musu rabin ciniki. Shi ya sa nake ganin kuskure ne babba mutum ya loda kayan da ke lalacewa bai riga ya yi magana da mai saye ko fatomansa ta waya ba.

Ruwan sha ma sai an kula. Ka haƙa rami kaɗan ka tarar da ruwa, abin da zai sa mutumin Azawak ya yi kabbara. To amma kusancin nan shi ne matsalar, domin ruwan rijiya da na masai ba su da nisa da juna a cikin yashi. A sha na famfo ko na leda mai hatimi. Sauro kuma ba shi da hutun rani a can, gidan sauro ya zama cikin kayan tafiya.

Yanzu ga iyayena makiyaya, domin nan ne asara ta fi zafi.

Idan ka bi bakin teku yamma da Kwatano, ƙarƙashin itatuwan kwakwa, za ka ga wasu shanu 'yan gajeru, marasa tozo, tsayinsu da ƙyar ya kai ƙugun mutum. Irin muturu ne. Mai jan bororo ko azawak idan ya gan su dariya zai yi, ya ce waɗannan maruƙa ne ko shanu? Kada ka raina su. Gajartarsu ba ta hana su jure abin da ke kayar da manyan shanunmu ba, wato sammore, ciwon da ƙudan tsando ke sawa. Sun daɗe a ƙasar har jininsu ya saba. Haka tumakinsu da awakinsu, duk gajeru ne, kuma duk saboda dalili ɗaya suka wanzu a wurin. Dabbarmu ta tudu Allah ya yi ta don doguwar tafiya da ƙishirwa da zafin rana. Ba a yi ta don tsayuwa cikin taɓo ba. Ka kai balami ko uda can, ka ɗaure shi a jiƙaƙƙiyar ƙasa, cikin 'yan kwanaki sai kofato ya soma wari, hanci na zuba, tari ya kama shi. Ga kaska, ga kirci da ke bin damina. Ɗanyar ciyawar can mai ruwa-ruwa, dabbar da ta saba da harawa idan ta cika ciki da ita sai zawo.

Masu kai ragunan layya da suka daɗe a harkar, ga abin da suke yi. Ba sa isa da wuri ƙwarai, don kowace rana ta ƙari nama take ci. Suna tafiya da harawarsu da dusarsu daga gida. Suna neman wuri mai tudu, su shimfiɗa yashi busasshe ko katako, su kafa rumfa. Ba sa shayar da dabba ruwan tafki, domin da rani gishiri ke shigarsa. Kuma takardar likitan dabbobi tana aljihu tun daga gida. Ku tuna fa, kai dabba a mota don sayarwa daban, kora garke don kiwo daban. A ƙarshen 2019 gwamnatin Benin ta sanar da hana shigowar garken ƙetare don kiwo, kuma tun daga lokacin batun ya zama na yarjejeniya da izini. Ardo, kada wani ya ce maka ai hanyar kakanni ce, ka bi kawai. A je wurin hukumar kiwo a ji abin da ake ciki a bana.

Wani abin da zai faranta ran Bafulatani: cukun nan mai laushi da matan Fulanin arewacin Benin ke yi da nono da ruwan tumfafiya, wanda ake kira wagashi, yana da daraja ƙwarai a Kwatano. Ana soya shi a sa a miya, har manyan gidajen abinci na alfahari da shi. Nonon rugga ne ya yi tafiyar kilomita ɗaruruwa ya hau teburin masu kuɗi.

To mun shiga gari. Abin da zai fara cika maka ido shi ne ruwan ɗorawa: dubban 'yan kabu-kabu sanye da riga rawaya mai lamba a baya. Zemijan ake ce musu, a harshen Fon ma'anarsa ɗauke ni da sauri. A yi ciniki kafin a hau, kuma hular kwano doka ce ga direba da fasinja. A bakin titi za ka ga manyan kwalabe cike da fetur, shi ne kpayo, wanda ake shigowa da shi daga Najeriya, harkar da ba sai na yi wa mutanen iyaka bayaninta ba. Akwai kuma wani abu fari tas kamar ruwa da ake sayarwa a kwalba, sunansa sodabi. Giya ce mai ƙarfi da ake yi da bammi. Baƙo mai ƙishirwa ya tambaya kafin ya kai baki.

Kuɗi dai sefa ce irin ta Nijar, agogo ma ɗaya ne da namu, sai ka tsallaka Togo ne za ka mayar da shi baya da awa guda. Amma ƙirgan ya bambanta. Mu muna ƙirga da dala, su a kasuwa da Faransanci suke faɗin farashi, tamma-tamma. Abin da mai kaya ta kira ɗari, dala ashirin ne a bakinmu. Ɗarinmu kuwa ɗari biyar ne a nata bakin. An sha yin rigima a kan wannan, kowa na rantsuwa, kuma kowa gaskiya yake faɗa. Mafita mai sauƙi: a rubuta lambar a waya a nuna wa juna.

Masauki kuwa, Zongo na nan da babban masallacinsa, za ka ji Hausa da Zabarmanci da Dendi da Yarbanci kamar kana Malanbil. Nan ake samun fatoma, nan ake samun mahaucin da ka yarda da yankansa. Wannan na da muhimmanci, domin a sauran gari ana cin alade, ana cin naman daji. Suna ma kiwon gyazbi a keji kamar yadda muke kiwon zomo, sana'a ce sosai da ake koyarwa, har da kiwon dodon koɗi. Tuwon masara shi ne abincin yau da kullum, da kifi da manja da gari.

Gari ya rabu biyu, mashigin ruwa ya ratsa tsakiya, gadoji uku sun haɗa shi. Mashigin nan ba Allah-ya-yi ba ne gaba ɗaya, Faransawa ne suka yanka shi a 1885 don ruwan tafki ya samu hanyar fita teku. A bakinsa kasuwar Dantokpa take, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma, fili mai faɗin kadada kusan ashirin. Gwamnati ta sanar da shirin kwashe ta zuwa sababbin kasuwanni, ciki har da ta 'yan sari a wajen Kalabi, don haka a tambayi maigida inda layin kayanka yake a yanzu. Sunan kasuwar kansa yana da labari: Dan sunan abin bautarsu ne mai siffar maciji, tokpa kuma bakin ruwa. Wannan ya kawo mu ga maganar da nake so matasa su buɗe kunne.

A wurinmu, maciji idan ya fito, sanda ce ke gaishe shi. Ba a tambayar sunansa. To kilomita arba'in yamma da Kwatano akwai garin Wida, tsohuwar tashar cinikin bayi, inda aka gina ƙofar tunawa da waɗanda aka tafi da su ba su dawo ba, a 1995. A tsakiyar garin, daura da babban cocin Katolika, akwai ɗakin mesa. Gomman mesa ne a ciki, a kwance kan juna. Mutanen wurin suna girmama su a addininsu na gargajiya, wato Bodun, wanda ƙasar ta ware masa ranar biki a watan Janairu. Mesar ƙarama ce, tsayinta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, ba ta da dafi, kuma idan ta tsorata dunƙulewa take kamar ƙwallo ta ɓoye kanta. Wasu lokuta suna fita yawo cikin gari, su shiga gidajen mutane, mai gida ya ɗauke ta a hankali ya mayar. Na je wurin, na ga ana rataya wa baƙi ita a wuya ana ɗaukar hoto. Ni dai na tsaya daga bakin ƙofa na ce hoton nan ya wuce ni.

Ba cewa nake ka yarda da abin da suka yarda da shi ba, kowa da addininsa. Cewa nake, idan kana baƙo a wannan yankin ka ga mesa a tsakar gida ko a ƙarƙashin motarka, kada hannunka ya riga hankalinka. Ka ja baya ka kira ɗan gari. Kashe ta a gaban masu girmama ta na iya jawo maka fitinar da kuɗin ragunanka duka ba za su kashe ba, kuma ka ɓata wa 'yan'uwanka mazauna Zongo zaman da suka shekara suna ginawa. Sai dai kada a wuce gona da iri a ɗauka duk macijin kudu ɗan lele ne. Kasa na nan, gamsheƙa na nan. Dokar ɗaya ce ga baƙo: kada ka kashe, kada ka taɓa.

Wanda ya samu rana guda ta hutu, ni shawarata ya je Ganbiye. Daga Kalabi ake hawa kwalekwale a shiga tafkin Nokuwe. Gari ne sukutum a kan ruwa, dubban mutane, gidaje kan turaku, da makaranta da masallaci da coci. Kasuwarsu ma a cikin jirage ake cin ta, mace na tuƙi da hannu ɗaya tana miƙa tumatir da ɗayan. Kakanninsu, mutanen Tofinu, sun shiga ruwan ne gudun maharan masarautar Dahome masu kamun bayi, suka zauna har yau. Yaro ɗan shekara shida yana sarrafa jirgi kamar yadda ɗan Fulani ke kora maruƙa.

Abin da ya fi burge ni shi ne, su ma makiyaya ne, sai dai kifi suke kiwo. Suna kafa rassan itace da ganye a cikin tafki, fili guda, su bar shi watanni. Rassan na ruɓewa suna tara abincin kifi, kifi na taruwa yana haihuwa a ciki, ranar kamu a kewaye da taru a kwashe. Akaja suke kiran wannan. Kowane fili da mai shi, ana gadonsa, ana rigima a kansa kamar gona. Idan kogin Weme ya kawo ruwa wajen Satumba da Oktoba, tafkin ya zama ruwan daɗi, kainuwa ta rufe hanyoyi. Da rani gishirin teku ya shigo ya kashe ta, jatan lande da ƙaguwa su samu. A kan turakun za ka ga tsohuwar abokiyarmu balbela, da zalɓe, da tsuntsayen da ke shawagi su faɗa ruwa su fito da kifi. Ayu ma, wanda Sarkawanmu suka sani a kogin Kwara, yana rayuwa a ƙoramun kwarin Weme, ko da yake ya yi ƙaranci, kuma doka ta hana kama shi.

Af, kafin in manta, mutanen Dallol Foga za su ji daɗin wannan. Kusa da Wida akwai ƙauyen da mata ke kankare ƙasa mai gishiri, su tace ta da ruwa, su dafa har ya zama gishiri. Kusan irin aikin da ake yi a Foga ne, ga teku a gabansu amma daga ƙasa suke fitar da shi.

Sai teku. Jama'a, a nan zan rage murya, domin wannan ya shafi rai.

Ranar Lahadi da yamma bakin ruwan Fijirose cike yake da jama'a, ana shan iska, ana cin gasasshen kifi da ruwan kwakwa. Da safe kuma za ka ga masunta ashirin, talatin sun jeru suna jan igiyar taru guda, awanni suna ja kafin ya fito. Abin kallo ne. Amma ka lura da abu ɗaya: 'yan gari da yawa ba sa shiga ruwan. Wanda ke tuɓe riga ya ruga, sau da yawa baƙo ne. Kuma cikin baƙi, wanda ya fi shiga haɗari shi ne wanda ya iya iyo a kogi, domin yana da abin da zai ruɗe shi.

Kogi hanya ɗaya yake bi, ka san inda ya nufa. Teku ba haka yake ba. Igiyar ruwa na turo ruwa bakin gaɓa ba tsayawa, to dole ruwan nan ya koma. Yakan tattaru ya koma ta wata siririyar hanya, da ƙarfin da ya fi na kowane gwanin iyo. Abin takaicin, wurin da wannan hanya take shi ne ya fi kama da wurin lafiya: igiya na fashewa dama da hagu, tsakiya kuwa lumui, ruwan ya ɗan yi duhu. Baƙo sai ya ce bari in shiga nan inda ya kwanta. Nan ne bakin ramin. Ga shi gaɓar tana da gangare, taku uku ruwa a gwiwa, na huɗu ya shanye ka, yashin kuma na zamewa a ƙarƙashin ƙafa. Idan Allah ya ƙaddara ruwan ya ja mutum, masana suna cewa kada ya yi kokawa da shi yana neman komowa kai tsaye, gajiya ce ke kashewa. Ya bar jikinsa ya taso, ya yi iyo a gicciye, yana bin tsawon gaɓa har ya fita daga hanyar, yana ɗaga hannu. Amma ni shawarar da zan ba ɗan'uwana ita ce ta tsofaffi: tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba, kada ka juya wa teku baya don ɗaukar hoto, kuma riƙe hannun yaro. Ruwan na cika yana janyewa sau biyu a yini, inda ka ajiye takalmi a busasshen yashi bayan awa biyu ba lalle ka same su ba. Gabas da tashar jiragen ruwa, wadda aka buɗe a 1965, teku ya cinye gidaje da filaye, sai da aka jera manyan duwatsu don tare shi. Abin da ya ci gidan siminti, ƙafarka ba za ta gagare shi ba.

Cikin wannan ruwan akwai halittun da ya kamata makiyayi ya ji labarinsu. Daga wajen Agusta zuwa Oktoba, wata dabba da Faransawa ke kira balen takan zo daga can ƙarshen kudancin duniya mai ƙanƙara, don ta haihu a ruwan ɗumi. Tsayinta ya kai mita goma sha biyar, nauyinta tan talatin, wato kamar tirela da lodinta. Siffar kifi gare ta amma ba kifi ba ce: iska take shaƙa, haihuwa take, kuma tana shayar da ɗanta nono kamar saniya. Ku duba, ita ma mashekari da makiyaya gare ta, tana tafiyar dubban kilomita tsakaninsu kowace shekara, ba takarda ba duwan.

Sai kififiyar teku. A gaɓar Garan-Popo, kusa da iyakar Togo, da ma wasu wurare a bakin ruwan, uwar takan fito da dare ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai wajen ɗari, ta rufe ta koma. Akwai irin da nauyinta ke wuce na babban bijimi. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan su fashe su rarrafa zuwa ruwa, tsuntsaye da ƙaguwa da karnuka na tsintar su, kaɗan ne ƙwarai ke girma. Hasken fitila ma na ruɗa su su nufi tudu maimakon teku. Shi ya sa ake da masu sa kai a ƙauyukan da ke gadin ƙwan har su ƙyanƙyashe, kuma dokar ƙasar ta hana kama ta, ko cin ƙwanta, ko sayar da ƙoƙon bayanta.

Wannan ya kawo ni ga gargaɗin da ya fi shafar direbobi da yaran mota. A kasuwannin kudu akwai layin masu kayan tsibbu: busassun kawunan birai, fatun macizai, hawainiya, ƙoƙon kififiya, fuka-fukai. Mu ma muna da masu neman irin waɗannan a gida, har da kitsen ayu da kan ungulu. To wani zai same ka a tasha da ƙullin kwali ko buhu, ya ce don Allah ka miƙa wa wane a Gaya ko a Kamba, ga jaka goma na shan ruwa. Jaka goma a kan ƙaramin kwali? Wannan kuɗin kansa ya isa ya sa ka tambaya. Hauren giwa, ɓawon dabbar nan mai sulke da ke cin tururuwa, fatar damisa, aku mai rai, duk suna ƙarƙashin yarjejeniyar duniya da Benin da Nijar da Najeriya suka sa wa hannu. Ko ƙaramar mesar da na ambata, masu fitar da ita waje da izini da adadi suke yi. Jami'an gandun daji da na duwan idan suka buɗe, wanda kaya ke hannunsa shi ake kamawa. Mai kwalin yana gida yana shan shayi, lambar wayarsa kuma ta daina shiga. Motar maigidanka ta kwana a hannun hukuma, kai ka kwana a inda ba ka so. Duk saƙon da ba za a buɗe a gabanka ba, a nemi wani ya ɗauka.

Lokaci ya cim mana. Masu tambaya kan farashin dabbobi a kasuwannin kudu da kuɗin mota, mun karɓi saƙonninku, kuma mako mai zuwa za mu zo da wani dillali da wani likitan dabbobi su amsa da bakinsu, musamman kan alluran da ya kamata a yi wa raguna kafin a loda su. Wanda ya taɓa kai dabba Kwatano ko Lome ko Legas, ya turo mana abin da ya gani, da yawan kwanakin da ya yi kafin ya sayar. Allah ya kai matafiya lafiya, ya tsare garke. Sai mun haɗu, a huta lafiya.